Mijin Sumbul Ya Koma Aji

Ammi ta ajiye wuƙar da take yanka mangwaro da ita, ta zuba wa 'yarta ido. Wuta ta ɗauke tun hantsi, zafin birnin Multan na Pakistan ya cika ɗakin har bango na huci.

"Sake faɗa, Sumbul. Ko zafin nan ne ya toshe mini kunne?"

"Ya ajiye aikin, Ammi. Zai zauna jarrabawar shiga makarantar likitoci."

"Zishan? Mijinki? Mutumin da ya doshi talatin?"

Yayanta Waqas, da ke kishingiɗe yana fifita da jarida, ya tuntsire da dariya. "To madalla! Sai mu saya masa jakar goyo da gorar ruwa, ki riƙa raka shi bakin get!"

"Yaya, don Allah ka bari!"

"Ya bari me?" in ji Ammi. "Ni ma'aikacin masaƙa na ba 'yata, ban ba ɗan makaranta ba. Yaran da ƙwaƙwalwarsu ke ɗanya ma faɗuwa suke yi dubu-dubu, balle wanda ya shekara bakwai rabonsa da littafi!"

Sumbul ta kare mijinta iya ƙarfinta. Ta tuna musu cewa shi ne na ɗaya a ajinsu, rasuwar mahaifinsa ce ta sa ya shiga ofishin masaƙar auduga don ya riƙe ƙannensa mata, yanzu kuwa duk ya aurar da su. Sai dai a hanyar komawa gida ita kanta cizon yatsa take yi. Ranar da ya kawo mata maganar, cewa ta yi, "To, Allah ya taimaka," a zatonta hira ce irin ta bayan cin abinci. Ashe bawan Allah har zuciyarsa yake nufi!

Shekarar nan Sumbul ta ga abu. Ta wuni tana koyarwa a makarantar 'yan mata, ta dawo a gajiye ta tarar da littattafai har kan murhu. Nama ya yi ƙaura daga tukunyarsu, kullum gurasa da miyar wake. Shi kuwa Zishan zai dawo daga lesin fuska a murtuke.

"Yau ma sun kira ni Kawu. Wani yaro har miƙewa ya yi da na shiga, wai ya zaci ni ne malamin."

"To ba Kawun ba ne? Matsa mini da littattafan ƙasusuwan nan naka in ɗora shayi!"

Ammi kuwa ba ta fashin waya. Yau mijin wance ya sayi mota, gobe mijin wance ya tafi Dubai. "Ke kuma naki yana haddar hanjin kwaɗo!"

Da sakamako ya fito, makinsa bai kai ba. Washegari Ammi ta sauka a ƙofar gidan, ko zama ba ta yi ba.

"Ɗauko mayafinki. Ba zan zuba ido ki tsufa kina ciyar da ƙato ba."

Sumbul ta dubi Zishan, tana jiran ya ce wani abu. Ya sunkuyar da kai kawai. Haushinsa ya turnuƙe ta, ta ɗauki mayafi ta bi uwarta tana hawaye.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya zo, kayansa sun sha guga, ya yi aski. Sumbul tana kicin tana murza gurasa, kunnenta na falo. Ta ji ya gaida Ammi cikin ladabi, sannan ya ce, "Ammi, kin fi ni gaskiya. Na je wurin tsohon maigidana, ya ce in koma bakin aiki. Littattafan ma na ɗaure su zan bayar. Ki ba ni matata kawai."

"Alhamdu lillahi! Yanzu ka yi hankali, ɗana. Waqas, kawo masa lemo mai sanyi!"

Ba wanda ya ga fitowar Sumbul, sai ganinta suka yi tsaye, hannu duk gari.

"Ka yi me? Ka ɗaure littattafai?"

"Sumbul, saboda ke na..."

"Saboda ni? Kada ka kuskura ka ɗora mini! Shekara guda ina cin wake kamar akuya, na yi faɗa da uwata, na zama abin dariyar Yaya, ƙawayena suna tambayata ajin su nawa mijina, duk don ka faɗi sau ɗaya ka naɗe tabarma? Wallahi ba ka isa ba!"

"Ke Sumbul! A gabana?" in ji Ammi.

"Ki yi haƙuri, Ammi. Ba faɗuwarsa ce ta kawo ni gidan nan ba, shirun da ya yi ne." Ta juya gare shi. "Kai da ka ce mini tun ranar da Abbanka ya cika a layin asibiti ba likitan da ya duba shi, ba ka ƙara son wani aiki ba sai likitanci? Ƙarya kake yi?"

Idanun Zishan suka kawo ruwa. "Ba ƙarya nake ba. Tsoro nake ji in rasa ki."

"To tashi mu tafi, kafin ka rasa ni da gaske!"

Ammi ta yi fushi har ta daina ɗaga wayarta. Wannan ya fi komai ci wa Sumbul rai, amma duk Juma'a sai ta je ta gaishe ta, ko da bango za ta yi wa magana. Zishan ya nemi aikin rabin yini a wani kantin magani, ya bar ɗaukar kansa gwanin aji na da, ya zauna gaban yaran nan yana tambayarsu abin da ya shige masa duhu. Bayan sallar asuba Sumbul ke riƙe littafi tana yi masa tambayoyi, in ya kuskure ta harare shi.

Shekara ta zagayo, ya sake zama jarrabawar. Wannan karon ya samu gurbi, da ƙyar, a wata kwalejin gwamnati can wani gari mai nisa. Ya shigo da gudu ko takalmi bai cire ba, yana nuna mata sakamakon a waya. Sumbul ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka.

Da suka je gaya wa Ammi, sun tarar labari ya riga su. Tana tsakar gida da maƙwabta tana rabon alewa.

"Ga surukina likita nan! Ai ni tun farko na ga alamar a goshinsa!"

Sumbul ta buɗe baki, Zishan ya taɓa hannunta a hankali. Ta haɗiye maganar da ƙyar, ta je ta rungume uwarta.

Karatu mai tsawo na gabansu, da sauran wake mai yawa da za a ci, amma sun shiga tare. Wanda ya jinkirta burinsa don ya riƙe 'yan'uwansa bai makara ba, Allah ba ya mance irinsa. Iyaye kuma, ko sun tsananta, tsoron wahalar ɗansu ne ke magana. A yi musu haƙuri da ladabi, a kuma tsaya wa juna har Allah ya kawo mafita.