Zagaye na Arba'in da Ɗaya

"Auta, zo nan."

Muryar Yaya ce daga falo, a sanyaye, kuma duk gidanmu an san gara tsawarsa da wannan sanyin. Cokalin da nake wankewa ya suɓuce ya faɗa cikin ruwa. Na goge hannu a jikin zanina na fito.

Yana zaune ko kayan aikinsa na kashe gobara bai cire ba, kwamfutarsa a buɗe kan tebur. A kujerar gefe ga abokinsa Dogo, mai shagon wayoyi, ya ɗora ƙafa kan ƙafa kamar a gidansu.

"Zauna," in ji Yaya. "Dubi nan."

Na duba. Taswirar wasan kwamfutar da suke yi da Mai Gyara ce, wanda ke neman aurena. Ga babban garin Mai Gyara a bakin kogi, ga gonakinsa, ga rumbunansa, ga ganuwa ta zagaye shi, amma babu soja ko ɗaya a ciki. Sojojinsa tara suna can tsakiyar daji, sun nufi tashar jiragen ruwan Yaya.

"Zagaye arba'in yaron nan bai taɓa barin gari babu mai gadi ba," ya ce. "Jiya da yamma, a na arba'in da ɗaya, sai ya zama wani mutum daban."

"Ni dai na faɗa maka," Dogo ya tsoma baki. "Wanda ke canza wa mutane kayan cikin kwamfuta, canza hannu a wasa ai ba zai ba shi wahala ba."

Yaya bai kula shi ba. Ni yake kallo.

"Na kira shi. Yana hanya."



Tun rasuwar Baba, Yaya ne uwa shi ne uba a gare ni. Shi ya kai ni makaranta, shi ya tsaya har na samu aikin koyarwa, kuma shi ya koya mini wannan wasan tun ban kai tsayin teburin ba. Wasa ne na kafa gari a baƙuwar ƙasa. Kowa na sauka daga jirgin ruwa da 'yan mutanensa, ya yi noma, ya yi gini, ya tara sojoji, har ɗaya ya ci garin ɗaya. Bi da bi ake yi: ka motsa naka, ka danna ƙarshen zagaye, wasan ya tafi wurin abokin karawarka.

A kan wasan muka haɗu da Mai Gyara. Na kai kwamfutar makarantarmu shagonsa, na tarar da taswirar a buɗe, na tsaya a bayansa ina kallon yadda yake jera gonaki kamar babu yaƙi a duniya.

"Malam, noma ka zo yi ko yaƙi?" na tambaye shi.

Bai ko juyo ba ya ce, "Sojan da bai ci ba, gudu yake yi, Malama."

Daga ranar nake kiransa Manomina, shi kuma yana kirana Janar. Wata takwas muna faɗa a kan taswira. Shi ya ce a kafa gari kusa da ruwa, a fara da rumbu kafin bariki, kada a kafa gari na uku sai na biyu yana ciyar da kansa. Ya ce mutanen da ka tarar a ƙasar ka yi ciniki da su, su za su nuna maka hanya. Ni kuwa na ce duk wannan ɓata lokaci ne, a kai hari tun abokin gaba bai gama ganuwa ba. Ban san lokacin da faɗan ya koma wani abu ba, sai dai na wayi gari ba na iya yini ban ji muryarsa ba.

Da maganar aure ta taso, Dogo ya riga mu isa kunnen Yaya. Shi ma ya taɓa nemana na ce a'a, kuma shagonsa na kallon na Mai Gyara. Ya ce yaron maha'inci ne, ya ce fuska biyu gare shi. Yaya ba ya yanke hukunci da jita-jita, amma kuma ba ya mantawa da ita.

"Ban san shi ba," ya ce da ni. "Ya yi wasa da ni, zagaye ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Mutum na iya ɓoye halinsa a gaisuwa, amma ba ya iya ɓoye shi zagaye hamsin. Sharaɗi ɗaya ne: shi kaɗai zai yi. Ranar da na ga hannun wani a ciki, maganar ta mutu."

Kwana ashirin ina cikin fargaba. Yaya na ta ƙera igwa yana tara jirage, Manomina kuwa na ta gina rumbu. Jiya da na tashi daga makaranta na biya shagon. Ya ce in ɗan zauna zai miƙa wa wani ofis firinta ya dawo. Wasan na buɗe, zagayensa ne. Na leƙa kawai, wallahi leƙawa kawai na yi niyya. Sai na hango tashar jiragen Yaya da soja ɗaya tal a bakin ƙofa.

Zuciyata ta ce, ga nasara a ƙasa, kuma wannan bawan Allah ba zai taɓa ɗauka ba.

Na kwashe sojojinsa kaf, har da biyun da ke gadin ganuwa, na tura su. Na danna ƙarshen zagaye. Sai da wasan ya tafi hankalina ya dawo. Na ɗauki jakata na fice kafin ya dawo, Dogo na tsaye a ƙofar shagonsa yana mini murmushi. Sau bakwai Manomina ya kira ni, ban ɗauka ba.

Sallamarsa ce ta dawo da ni falon. Ya shigo da kwamfutarsa a hammata, ya durƙusa ya gaida Yaya. Idanunsa sun faɗa, da gani bai samu sukuni ba. Ni ko ɗagowa ban iya yi ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Yaya. "Kai ka yi zagaye na arba'in da ɗaya?"

A raina ina roƙonsa, ka ce eh, don Allah ka ce eh...

"Ba ni na yi ba, Yaya."

Dogo ya saki dariya. "To, ka ji da bakinsa."

"Wa ya yi?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Wannan ba zan faɗa ba."

"Ka san abin da wannan amsar ke nufi?"

"Na sani. Ni na bar wasan a buɗe. Laifin ya tsaya a kaina."

Yaya ya nuna ƙofa. "Tashi ka tafi. Kada ka sake tako gidan nan."

Ya miƙe a hankali. Na ga ya sunkuya yana ɗaukar kwamfutarsa, na ga ya juya baya. Tunda nake ban taɓa yi wa Yaya musu ba. Amma yau maganar ta fito.

"Ni ce."

Duk suka juyo suna kallona.

"Ni ce, Yaya. Bai sani ba, ba ya nan... Na ga tashar babu tsaro, na ji tsoro kada ya sha kaye ka hana ni shi." Hawaye suka ɓalle mini. "Ka yi mini duk abin da za ka yi, amma shi bai yi komai ba."

"Na san ke ce," in ji Yaya. "Tashar nan tarko ce. Jiragena huɗu na ɓoye a bayan tsibiri. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke faɗawa wannan tarkon, tun tana 'yar shekara goma take faɗawa, har yau ba ta koyi tura ɗan leƙen asiri gaba da runduna ba."

Ya juya wurin Dogo. "Kai kuma ka ce mini shi ya kira ta ya zaunar da ita ta yi masa."

"Ai... haka na zata."

"Zato ka kawo mini a kan ƙanwata? Je ka, za mu yi magana."

Dogo ya fita yana gyara hula. Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Yaya ya ce Mai Gyara ya zauna ya buɗe kwamfutarsa.

"An karya sharaɗina, ko da saninka ko babu. Amma ina da ajiyar zagaye na arba'in. Zan iya mayar da mu can, mu share ɓarnarta kamar ba a yi ba. Ƙarfinmu ɗaya a lokacin, wataƙila ma ka ci ni."

Na ɗago da sauri. Manomina, karɓi, na ce a raina.

Ya daɗe yana kallon taswirar.

"A'a, Yaya. Mu ci gaba daga inda ta tsaya."

"Ka ga jiragena kuwa?"

"Yanzu na ji labarinsu."

"To me ya sa?"

"Don ni ta yi. Idan na share, kamar na ce nata daban nawa daban ne."

Yaya ya nuna mini kujerar da ke bayansu. "Ki zauna nan. Idan na ji ko tarinki, na rufe wasan, na rufe maganar."

Ban taɓa ganin yamma mai tsawon wannan ba. Fanka na juyawa a sama, ni gumi na bin bayana. A zagaye na arba'in da biyu jiragen Yaya suka fito daga bayan tsibiri. Manomina ya juyo da sojojinsa, amma tafiyar zagaye huɗu ce, jiragen kuwa uku suke buƙata. Na ƙirga da yatsuna sau biyu, lissafin bai canza ba.

Bai yi gaggawa ba. Kafin ya danna ƙarshen kowane zagaye sai ya bi taswirar kaf, gari bayan gari, yana duba abin da ya manta. Ya kwashe manomansa da masuntansa ya tura su ƙaramin garinsa na kan tudu. Ya aika wa mutanen ƙasar hatsi, suka buɗe masa hanyar dajinsu. Ya ba maƙera biyu bindiga ya tsayar da su a kan ganuwa, suka riƙe Yaya zagaye ɗaya kafin igwa ta rushe ƙofar.

Da babban garin ya faɗi, na cusa gefen mayafina a baki don kada kukana ya fito. Garin da ya yi kwana ashirin yana ginawa, ni na miƙa shi da hannuna. Ina jira ya juyo ya harare ni, ko ya yi tsaki, ko ya girgiza kai. Da ya yi, da na ji sauƙi. Sai kawai ya gyara zama ya ce, "Naka ne, Yaya."

A na arba'in da takwas sojojinsa suka iso tudu a gajiye, saura biyar. A na hamsin Yaya ya jera igwa shida a ƙasan tudun. Kowa a falon ya san abin da zai biyo baya. Manomina ya motsa abin da ya rage masa, ya danna, ya naɗe hannu.

Tutarsa ta sauka.

"Ka sha kaye," in ji Yaya.

"Na sha, Yaya."

Manomina ya rufe kwamfutarsa ya fara naɗe wayar caji.  Ni kuwa na riga na fara tunanin yadda zan riƙa bi ta wani titin zuwa makaranta don kada in ga shagonsa.

Yaya ya jingina da kujera ya murza idanunsa.

"Auta."

"Na'am, Yaya..."

"Zagaye tara yana biyan ɓarnarki. Ina kallonsa ta saman kwamfuta, ko sau ɗaya bai juyo ya dube ki da laifi ba. Ni da na raine ki ban iya wannan ba."

Ya juya wurin Mai Gyara, wanda ya tsaya cak da wayar cajin a hannu.

"Ka gaya wa baffanninka ina gida ranar Asabar."

 Na zame ƙasa na riƙe gwiwar Yaya ina kuka kamar ƙaramar yarinya, shi kuma yana cewa in sake shi, kayan aiki ne. Da na raka Manomina bakin ƙofa, na kasa haɗa ido da shi.

"Ka yafe mini, masoyina. Na kusa raba mu."

"Garin bai dame ni ba, Janar," ya ce a hankali. "Kira bakwai ɗin da ba ki ɗauka ba, su suka kusa kashe ni. Duk abin da kika ɓata nan gaba, ki ɗauki wayata kawai."

Wata biyu bayan nan aka ɗaura mana aure. Na ɓata abubuwa da yawa tun daga lokacin, amma wayarsa ba ta taɓa yin ƙara sau biyu a hannuna ba.