Sunan da Uwa Ta Kasa Faɗa

Ranar kasuwar Bagudo, rana na tsaka, mata biyu suka faɗo ofishin Sufeto Haliru ko sallama babu.

"Yallaɓai, yaro ya ɓace! Shekarunai biyu!" in ji Zuhura, tana nuna matar wanta, Rabi'atu, uwar yaron.

Baƙi ne daga Bahindi, sun zo sayayya da buɗe ido. Sun zaga layin 'yan atamfa, sun sha fura unguwar Fulani, sun ci kifi unguwar masunta.

Sufeto ya dubi uwar. "Mi as sunanai?"

Ta buɗe baki ta kasa, sai hawaye. Ɗan fari ne, kuma ko a wannan tashin hankali kunya ba ta sake ta ba.

"Muktar," in ji Zuhura.

Sufeto ya fara da Arzika, mai babur ɗin da ya zaga da su.

"Ni ban tsaya ko'ina ba, Yallaɓai."

"To man kifin ga na rigarka fa?"

Arzika ya sosa ƙeya. Ashe ya laɓe rumfar Safina mai kifi yana cin na bati. Ya ce ya ga tana wasa da yaron, lokacin da matan suka tsallaka taya tabarma.

Rumfar Safina a rufe take, garwashi bai ko mutu ba. Wace mai kifi ke tashi ranar kasuwa da rana tsaka? Ƙarƙashin benci ga takalmin yaro ƙafa ɗaya. Sufeto ya san in jirgin ruwa ya kai yaron ƙasar Benin, sai dai addu'a.

Da shi da kurtunsa da matan suka isa mashigar kogi, jirgin ruwa ya riga ya tada inji. Sufeto ya afka ruwa har gwiwa ya riƙe igiya.

Can ƙurya ga Safina, da yaro yana barci cikin mayafinta.

"Ɗan wa na?" in ji Sufeto.

"Nawa na! Ɗan farina, Muktar! Muktar nawa!" Ta ƙanƙame shi tana sumbata.

Matan jirgin suka kalli juna.

"Ɗan farinki," in ji Sufeto, "kuma kike kiran sunanai gaban jama'a?"

Safina ta sulale ta zauna. "Ambaliyar bara ta ci nawa a Kaoje. Da yaron ga yam miƙo mini hannu, ban san sa'ad da na ɗauke shi ba."

Tausayinta ya kama Sufeto, amma ya sa kurtu ya wuce da ita mota.

Ya miƙa wa Rabi'atu ɗanta. Ta kau da kai, Zuhura ce ta karɓa. Amma ta ƙarƙashin mayafi Sufeto ya ga hannun uwar ya damƙe ƙafar da babu takalmi, har suka hau tudu ba ta saki ba.