Furen Tsohuwa a Bakin Rijiya

A can wani gari, an yi wata gwanar daɓe. Ran nan ta tara mata su yi wa bakin rijiya ado da fasassun tukwane. Kowacce na jera nata, gwana na bi tana gyarawa.

Sai ga wata tsohuwa wadda ba ta ƙara fitowa ba tun rasuwar mijinta. Ta kawo fasassun wata buta, ta jera su siffar fure, amma a karkace.

Gwana ta miƙa hannu za ta gyara. Tsohuwa ta ce, "Butar alwalar marigayi Malam ce, 'yar nan."

Gwana ta janye hannunta, ta ce, "Iya, ya zauna daidai."

Tun daga ranar, kullum tsohuwa na zaune kusa da furenta, tana gaisawa da masu ɗiban ruwa.