Yajin Aikin Cikin Jiki

Ku matso, jikokina. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Samaru, mai kirki amma mai taurin kai. Ƙanwar mamanta ta haihu a Jushi, can Sabon Gari, an ɗinka wa yarinyar sabuwar atamfa ta zuwa suna.

Ranar suna ta tashi da zazzaɓi, ga ƙuraje masu ruwa a wuyanta. Ta san idan Mama ta gani, ba zuwa. Sai ta shafe su da hoda, ta zura dogon hijabi, ta yi tsit a bas har Sabon Gari.

Suna isa ta kutsa ɗakin mai jego, ta sungumi jaririya Ilham.

Goggo Zubaidatu, ƙanwar babanta, tana ɗakin. Aikinta binciken ƙwayoyin cuta a jami'a. Ta taɓa hannun yarinyar, ta ji zafi zau. Ta ɗaga hijabin.

"Ƙarambau! Ajiye ta! Fita waje!"

Mama ta biyo su tsakar gida tana huci. "Ke wace irin yarinya ce? Hoda kika shafa don ki rufe min ido? Saboda atamfa?"

"Mama, ɗan ƙurji ne fa."

"Rufe min baki! Idan wani abu ya sami 'yar nan, da wane ido zan kalli uwarta?"

Yarinya ta fashe da kuka. Goggo ba ta lallashe ta ba.

"Share hawaye ki saurara. Kin san yajin aiki?"

"Irin na malaman jami'a?"

"Shi. Jikinki cike yake da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna, kowanne da ma'aikatansa. Idan bairos, wato ƙwayar cuta irin ta ƙarambau ɗin nan, ya shiga ɗaki, sai ya sa su ƙera masa 'ya'ya. Da ɗakin ya ji a jikinsa, sai ma'aikata su ajiye aiki, don kada ɓarawo ya samu."

"To ai shi ke nan, an ci shi."

"Ina! Bairos yana da 'yan korensa, ana ce musu furotin. Su ke fasa yajin, su mayar da ma'aikata bakin aiki dole. Ke kina da ƙarfi, sojojin jikinki za su kawo ɗauki. Ita wannan da ko cibiyarta ba ta gama warkewa ba, wane ƙarfi gare ta? Yau ke ma kin yi wa bairos 'yar kore. Har bas kika hau da shi!"

Aka mayar da ita gida, ko naman suna ba ta ɗanɗana ba. Aka kai Ilham asibiti, likita ya ce a sa mata ido.

Yarinya ta kwanta tana susa. Mama ta daina yi mata dariya. Duk lokacin da Nokiyar Baba ta yi ƙara, sai yarinyar ta kasa kunne, ko labarin Ilham ne.

Makonni suka wuce. Wata safiya Goggo ta kira. "Ilham lafiya lau! Uwarta ta taɓa yin ƙarambau, kariyarta ta bi 'yar."

Mama ta rungume yarinyar. "Allah ya rufa mana asiri. Kada ki kuma."

Da damina mura ta kama ta. Ba ta nemi hoda ba. "Mama, jikina ya tafi yajin aiki."

Mama ta taɓa goshinta, ta yi dariya. "An amince. Amma da kin warke, wanke-wanke na jiranki."

To, kun ji, jikokina. Ciwo ba abin ɓoyo ba ne. Wanda ya ɓoye shi, ya kai wa wanda bai kai shi ƙarfi ba.