Kowa Ya Tura Wa Ban Da Ita

Ranar da Ni'ima ta fara shiga shagon kwamfutar Mansir a unguwar Gwallaga, ko sallamarta bai ji ba, ɗalibai sun yi masa caa a ka. Sana'arsa ke nan: ka faɗa masa fannin da kake son karantawa, shi kuma ya shiga intanet ya zaƙulo maka masu ba da tallafin karatu a wannan fannin.

"Malama, me za a karanta?" ya tambaya bai ɗago ba.

"Likitancin dabbobi."

Sai ga shi ya ɗago. "Duk 'yan matan garin nan aikin nas suke so, ke kuma awaki?"

"Awakin unguwarmu Tirwun ma suna ciwo," ta ce, ta murguɗa baki.

Shi ke nan fa, Mansir ya faɗa tarkon so. Kafin ta isa gida saƙonsa ya riga ta: "Likitata, ni ma a duba ni mana. Tunda kika fita zuciyata ta ƙi kiwo."

Ta yi dariya har mai keke ya waiwayo. Wasa-wasa soyayya ta yi ƙarfi, har magana ta kai gaban mahaifinta, Malam Umar. Dattijon bai ɓoye wa Mansir komai ba.

"Yarinyar nan karatu ne a ranta, ni kuma ba ni da halinsa. In ta samu tallafi, tafiya za ta yi, ka jira. In Babbar Salla ta wuce ba ta samu ba, ka turo magabatanka."

Ni'ima ta saki jiki, ai mai nema mata nata ne. Duk mako sai ta tambaya, "Yaya Mansir, an dace?"

"Fanninki da wuya, Likitata. Ki dai ci gaba da addu'a."

Ta kuwa ci gaba, baiwar Allah, har da azumin nafila.

Ana saura kwanaki Salla, Rukayya ƙawarta, wadda suke burin fanni ɗaya, ta faɗo gidan tana tsalle. Wata gidauniya ta ɗauki nauyinta zuwa Masar, tallafi ne na 'yan mata masu son likitancin dabbobi zalla.

"Ke ba su kira ki ba? Ai Mansir ɗinki ne ya turo mana, ni da ƙawarmu Cecilia! Tun watan jiya aka rufe."

Ni'ima ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Hijabi kawai ta zura ta tari keke.

"Gaskiya ne?" ta ce tana tsaye a ƙofar shagon.

Mansir ya sunkuyar da kai. "Karatun shekara biyar ne, Ni'ima. Tsoro na ji. Na ga in kin tafi, ba ni za ki dawo wa ba."

"Da sai ka ce min kana tsoro! Kana kallona ina azumi a kan abin da ka danne? Kowa ka tura wa ban da ni? Wallahi ko maƙiyina bai yi min haka ba."

Ta yi kuka, ba kaɗan ba. Rashin tallafin ya yi mata ciwo, amma ba kamar tuna yadda yake kallon idonta ya ce ta ƙara addu'a ba.

Salla ta wuce. Mansir bai turo kowa ba, shi ya zo da ƙafarsa, ya durƙusa gaban Malam Umar ya faɗi abin da ya aikata. Dattijon ya ce, "Ka ci amana, yaro. Tashi ka ba ni wuri."

Ni'ima kuwa ta daina jiran kowa. Da wayarta ta koyi binciken, Cecilia da ba ta dace ba ita ma tana taya ta. Da gidauniyar ta sake buɗewa a shekara ta gaba, ta nema da hannunta, aka ɗauke ta.

Ran nan saƙon Mansir ya shigo, na farko a wata da watanni: "Na ji labari, Allah ya sanya alheri. Ba na neman komai, ki dai yafe min kafin ki tafi."

Ta daɗe riƙe da wayar. Haushinsa na nan, son ma ya ƙi tafiya, abin takaici. Ta rubuta: "Na yafe, amma ban manta ba. In har yanzu kana so, zo ka faɗa a gaban Baba cewa ba za ka sake tare min hanya ba."

Ya zo, ya faɗa. Aka ɗaura aure saura mako guda ta tafi, tarewa sai ta kammala.

A filin jirgi shi ya riƙe mata jaka, idonsa jawur.

"Shekara biyar, amaryata," ya ce a hankali.

"Da ka bar ni na tafi bara, da yanzu saura huɗu."

Malam Umar ya dafa kafaɗar Mansir, ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya kai ta lafiya, kai kuma ya ba ka haƙurin jira."

Suka amsa da amin tare.