Ranar da Gola Ya Zauna a Benci

Ranar da ta fara aiki da ƙungiya ta biyu, wanda ta fara gani shi ne golansu, tsugune yana ɗinke inda raga ta yage. Ya ɗago, ya ga budurwa da jakar magani a kafaɗa, ya miƙe da sauri har kansa ya sarƙe a ragar. Sai da ta ajiye jakar ta kwance shi.

"Sannu da zuwa, Likita," ya ce, kunya ta gama rufe shi.

Ta gaya masa ita ba likita ba ce, aikinta gashi da tausa da ɗaurin targaɗe. Ya ce a filin nan duk mai bandeji likita ne. Sunan ya bi ta.

Kulob ɗin babba ne, mai ƙungiya biyu. Ta farko ita ce ta talabijin da cikar 'yan kallo. Ta biyu kuwa ƙaramin rukuni take bugawa, a filayen da rabinsu ciyawa rabinsu tsakuwa. Samari ne sababbin tasowa, sai shi kaɗai da ya doshi talatin, wanda kulob ya ajiye don ya riƙe su. Tsoho suke ce masa. Mutanen gari na cewa duk wanda ya daɗe a ƙungiya ta biyu saura ne. Masu faɗin haka, in an bincika, yawancinsu ba su taɓa leƙa wasanta ba.

Gola ya zama mai yawan ciwon yatsa. Yau babban yatsa, gobe ɗan ƙarami, har ta ce in ya gama da na hannu kada ya kuskura ya kawo mata na ƙafa. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Likitata, gaskiya yatsuna lafiyarsu ƙalau. Ke nake zuwa gani. In laifi ne, ki rubuta mini magani."

Ta amsa: "Tun yatsa na biyu na gane, Golana. Maganinka shi ne ka je ka gaida Baba."

Baba tsohon direban babbar mota ne, kuma masoyin ƙungiya ta farko tun yana saurayi. Ya karɓi Gola a falo da fara'a, har ya tambaye shi lambar da yake sawa a babban fili. Da ya ji a ƙungiya ta biyu yake, fara'ar ta tafi. Bayan fitarsa ya ce da 'yarsa shi bai ƙi yaron don talauci ba, amma namijin da ya yarda a ajiye shi a baya, haka zai ajiye iyalinsa. Umma ta sa baki, ya ce ita me ta sani a ƙwallo. Ta ce abin da ya sani a aure kafin ya aure ta.

Ana cikin haka golan ƙungiya ta farko ya ji ciwo a gwiwa. Lamba Ɗaya ake kiransa, hotonsa na manne a falon Baba. Aka turo shi ƙungiya ta biyu ya murmure a hannunta. Bai yi sati ba ya fara kai ta gida a motarsa, ba ta so ba, don dai ƙin zai zama wulaƙanci. Baba ya fito har bakin ƙofa ya riƙe masa hannu biyu-biyu, daga nan kuma bai da zance sai nasa.

Ta yi ta lallaɓar Baba har ya yarda zai je ya kalli wasan ƙarshe na ƙungiya ta biyu, ya ga Gola a raga da idonsa. Sai dai kulob yana da tsarinsa: ɗan babbar ƙungiya in ya warke, a ƙarama yake fara gwada ƙafarsa, mai wurin ya koma benci. Mai cewa ya warke kuwa ita ce. Koci ya tambaye ta. Ta lanƙwasa gwiwar Lamba Ɗaya, ta sa shi ya yi tsalle, ya dira, ya juya. Gwiwa garau. Kalma ɗaya za ta ce a ɗaga masa zuwa wani satin, ba mai tuhumarta.

Ta ce ya warke.

Gola ya ji labari a bakin yara, har da ƙarin gishirin cewa ai daman motar ba banza ba. Ya daina zuwa ɗakin gashi. Ta rubuta masa:

"Na san abin da na jawo mana. Amma in na yi ƙarya a kan gwiwarsa yau, gobe ba za ka yarda da ni a kan taka ba. Ba na son motarsa. Kai nake so, ko a benci kake."

Sai washegari ya amsa: "Na yi fushi, ya wuce. Da kin yi ƙaryar da na ji daɗi, amma da na rage ganin girmanki. Ki kawo Baba."

Baba ya zo, ya ga gwaninsa a raga, wancan kuma a benci da rigar sanyi. Ya dubi 'yarsa, bai ma tsaya ɓoye murmushinsa ba.

Kafin hutun rabin lokaci wani ɗan baya ya mayar wa Lamba Ɗaya ƙwallo a raunane, abokan hamayya suka tsince ta suka zura. Lamba Ɗaya ya bi yaron har tsakiyar fili yana nuna shi da yatsa, yana faɗa masa maganganun da 'yan kallo suka ji sarai. Da aka busa hutu, kowa ya shige ɗaki, yaron ya tsaya shi kaɗai. Gola ya taso daga benci, ya rataya masa hannu a wuya, ya ja shi inda abin ya faru. Ya nuna masa yadda zai sa ƙafa, ya sa shi ya buga masa irin ƙwallon sau da yawa, shi yana karɓa, har yaron ya yi dariya. Aka dawo, yaron ya tare gidan kamar bango. Aka tashi ɗaya da ɗaya.

Baba ya koma gida da 'yarsa. Sai da ya zauna ya cire takalmi ya ce ta kira masa yaron.

"Wanne, Baba?"

"Kada ki raina mini hankali. Na bencin."

Gola ya zo ya durƙusa. Baba ya ce, "Ban ga ka kama ƙwallo ko ɗaya ba, don haka ban san ko ka iya ba. Na dai ga yadda kowannenku yake yi da wanda ya yi masa kuskure. 'Yata mutum ce, za ta yi maka kuskure, kamar yadda na ji ta riga ta fara. Ka turo manyanka."

Ranar aure 'yan ƙungiya ta biyu suka zo gaba ɗayansu, cikin kayan da wasu sun yi musu yawa, suka jeru a bayan ango. Duk baƙon da ya tambayi Baba a ina surukin nasa yake wasa, sai ya gyara tsayuwa ya ce a ƙungiya ta biyu, shi ne ma kyaftin.

Umma ta haɗa hannuwansu ta ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa su riƙe juna da gaskiya. Baba ya ce amin da ƙarfi, ya fi kowa.