Motar Tsakar Gida

Ranar da Bahijja ta fara ganin Uwais, hannuwansa baƙi ƙirin suke da baƙin mai, ga shi kuma cikin farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya tsaya a bakin shagon mahaifinta a Tudun Wada, inda suke sayar da kayan gyaran mota, riƙe da wani faifan ƙarfe.

"Irin wannan faifan kulocin nake nema, na motar Bitil."

Ta karɓa ta juya shi sau ɗaya. "Wannan ba na Bitil ba ne, Malam. Wanda ya sayar maka farar rigarka ya gani."

Ya yi dariya har da sunkuyar da kai. Ya ce shi malamin sakandare ne, kuma ba gyaran mota yake ba, haɗa ta yake. Sassanta aka aiko masa daga Legas a akwatuna, ƙarafa daban, bodi daban, da littafin yadda ake haɗawa. Inji ne kawai ba a aikowa, shi kuma na tsohuwar Bitil ɗin mahaifinsa marigayi zai sa.

"A ina kake haɗa ta?"

"A tsakar gidanmu, kusa da igiyar shanyar Inna."

Ta ɗauko masa faifan gaskiya. Washegari ya dawo neman ƙusa ɗaya tak, jibi ma haka. A zuwa na huɗu ta ce masa in lambarta yake so ya faɗa, kada ya ƙarar musu da ƙusoshi.

Wata bakwai suka yi a haka. Shi ya sa mata suna Injiniyata, ita kuma tana kiransa Direbana, ko da yake bai da abin tuƙawa sai ƙarafa a ƙasa. Kullum bayan la'asar saƙonsa zai shigo.

"Injiniyata, yau na ɗaura sitiyari. Na zauna a kujera ina kallon gefena, na ga wurin ya yi miki daidai."

"Direbana, ka fara sa birki tukuna. Ba na shiga motar da ba ta tsayawa."

Da maganar aure ta taso, nan daɗin ya ƙare. Gidan su Uwais gidan malamai ne tun kakanni, shi ne kuma auta. Baffansa, wanda ya gaji karantarwa a zauren gidan, ya ce a gaban mutane duk 'ya'yan malaman da ke Zariya yaron nan bai ga kowa ba sai 'yar bakanike. Kafin magariba maganar ta isa kunnen Alhaji Nagoda, mahaifin Bahijja, wanda ya yi shekara talatin kwance a ƙarƙashin motocin mutane kafin ya buɗe shago. Ya kira ta zaurensa.

"Su malamai ne, mu masu baƙin mai, ko? To ga ɗansu ya shigo sana'armu ko sallama babu. Ba zan yi miki dole ba, Bahijja, amma ki ji da kyau. Ranar da gwangwanin nan ya tako da ƙafarsa har ƙofar gidan nan, na ji kukan injinsa da kunnena, ranar zan ba shi ke. In Babbar Sallah ta wuce bai zo ba, na rufe maganarsa."

"Baba, ai ba shi ya faɗa ba."

"Na gama magana."

Haka manya suke, su yi faɗansu da baki, su bar wa yara ɗaukar kayan. Sati bai zagayo ba sai ga Junaidu, ɗan ƙanwar Alhaji, ya fara zarya da mota sabuwa fil. Mutumin kirki ne, ba ta da abin zarginsa. Ta gaishe shi da girmamawa, ta faɗa masa gaskiya, amma bai daina zuwa ba, don ya san yadda ake ƙirga kwanakin Sallah.

Saura kwana goma sha biyu Uwais ya ɗora inji. A bayan motar injin yake zama, sai an ɗaga shi da jak daga ƙasa a hankali har bakinsa ya haɗu da na giya, sannan a ɗaure da ƙusoshi huɗu. Tun hantsi yake fama, inji ya ƙi shiga, sai da ya jijjiga shi ya zauna. Da ya murza makulli, injin ya yi tari ya mutu. Ya rubuta wa Bahijja.

"Turo min muryarsa," in ji saƙonta.

Ya ɗauka ya tura. Ta kara wayar a kunne sau biyu, tana tsaye a bayan kantar shago.

"Ka musanya wayoyin fulogi, na uku da na huɗu. Mayar da su."

Ba a jima ba wata muryar ta shigo. Inji ne ke kuka sumul, a bayansa kuma Uwais na ta maimaita alhamdu lillahi. Bahijja ta zauna a kan kwalin batir ta yi kukan murna.

Daga ranar kuma ɗif, ta daina jin ɗuriyarsa. Ta kira bai ɗauka ba. Kwana huɗu tana duba waya, har ƙawarta Fiddausi ta zo mata da labarin wai Baffa ya zaɓa masa wata Mahbuba, 'yar almajirinsa na Gyallesu. Zuciyar Bahijja ta yi baƙi. Ta rubuta masa:

"Malam Uwais, in inji kake nema ya tashi, ya tashi. Da ka faɗa min aikin kanikanci ka ɗauke ni, da ban sa rai ba. Allah ya sanya alheri."

Amsar ta zo a take. "Wallahi babu wata Mahbuba. Kunya ce ta hana ni magana. Yaya Ishatu za ta zo ta taho da ke ki gaida Inna, ki gani da idonki."

Da yamma ta bi yayar tasa zuwa gidan. Suka shiga ta zaure, tsohon ginin ƙasa mai kauri, littattafai jere a bango, buzun marigayi Malam a shimfiɗe inda ya bar shi. Ƙofar ciki ƙarama ce, sai da suka wuce ɗaya bayan ɗaya.

Ga motar nan a tsakar gida, ja wur, sai ɗaukar ido take. Bahijja ta dube ta, ta waiwaya ta dubi ƙofar da ta shigo. Sai ta dafe ƙirji.

Uwais na tsugune a gefen taya, ya rame. "Na auna komai, Injiniyata. Babu ƙusar da ban auna ba. Guntu-guntu na shigo da ita ta zauren nan, ban taɓa tunanin ranar fita ba."

"A kwance ta mana."

"Na yi wa ƙarafan walda, bodin kuma manne shi aka yi. In aka yanka, ta tashi daga aiki. Na nemo motar ɗaga kaya, direban ya ga wayoyin lantarkin da suka ratsa saman gidan ya juya."

"Baffa fa?"

"Ya ce a zauren nan aka karantar da rabin unguwa, ko ƙasa ɗaya ba za a ɓantara ba saboda abin wasa. Dama da hagu gidajen maƙwabta ne. Baya kuma..." Ya kalli wani ɗaki mai labulen saƙa.

A ƙofar ɗakin wata dattijuwa ke zaune tana tsince shinkafa. Inna Atika ce, mahaifiyarsa. Bahijja ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ba ta ɗago ba.

Da ta koma gida ta roƙi mahaifinta. "Baba, motar ta tashi, na gan ta. Ka je can ka ji injin, tafiyar minti biyar ce."

"Gidan da aka zage ni? Da ƙafarta na ce."

"Baba, don Allah."

"Masu ilimi ne ai. Su karanta mata ta fito."

Ta tashi ta bar masa zauren, karon farko a rayuwarta ba ta jira ya sallame ta ba.

Ana jibi Sallah da hantsi, tana wanke-wanke, ta ji kukan injin da ko cikin dubu za ta gane. Ta ja mayafi ta leƙa. Jar motar ce a ƙofar gidansu, ƙura ta lulluɓe ta, mutane sun kewaye ta. Alhaji Nagoda ya fito, ya zagaya baya, ya sunkuya ya kasa kunne. Ya daɗe a haka.

"Inji ya zauna," ya ce. "Ta ina kuka fito da ita?"

Uwais ya buɗe baki, hawaye suka riga maganar. "Ta ɗakin Inna, Baba."

Ashe jiya Uwais na makaranta, Inna Atika ta kwashe kayanta da kanta, ta aika aka kira magina. A ɗakin aka kawo ta tana amarya shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, a ciki ta haifi 'ya'ya bakwai, a ciki Malam ya cika. Ta tsaya tana kallo aka rushe bangon gaba da na baya har titi ya bayyana. Da Baffa ya taso da faɗa, ta ce zaure nasu ne, ɗaki nata ne.

Alhaji Nagoda ya cire hularsa ya mayar. Bahijja ta jira ta ji ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce ta nadama. 

"Ka gaya wa Baffanka ya turo," kawai ya faɗa, ya shige gida.

Sati uku bayan Sallah aka ɗaura aure. Baffa ya karɓa, Alhaji ya bayar, suka yi musabaha kowa na kallon gefe. Junaidu ma ya zo, ya yi addu'a ya tafi.

Washegari aka kai amarya gaida uwar miji. Inda ɗakin yake an toshe da kwanon rufi, shatin gadon Inna na nan a daɓe. Ita kuwa tana wani ɗan ɗakin ajiya kusa da madafi, akwatunanta jibge har sama. Bahijja ta durƙusa, kuka ya ci ƙarfinta.

"Inna, ki yafe mana. Za mu gina miki wanda ya fi shi."

"Za ku gina ɗaki dai," in ji Inna Atika. "Wancan ya tafi."

Uwais ya sunkuyar da kai daga bakin ƙofa. Tsohuwar ta daɗe tana duban amaryar, sannan ta ɗora hannu a kanta.

"Ba zan ɓoye miki ba, 'yar nan, ba don ke na yi ba. Autana na ga yana ƙarewa a gabana. Har yau in na juyo na ga kwanon can, raina ɓaci yake. Ki riƙe shi yadda wata rana zan kalli wurin in ce gara da na yi."

"In sha Allahu, Inna."

"To, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Tashi ki share idonki, mutane na jiran amarya."